Tayar da Abokina Ya Bar Mini

Abubuwa da yawa sun faru da ni na manta da su, amma ranar da tayar babur ɗin abokina ta fashe a kan titin Zariya, ina bayansa ina kallo, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Tare muka tashi da shi a Fagge, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Iyayensa Yarabawa ne da suka daɗe a Kano, ni kuma kakanninmu daga Barno suka zo, don haka Ɗan Barno yake kirana. Ni kuwa Kyaftin nake ce masa, saboda shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Idan ya ɗauki ƙwallo ya zura da gudu, har dattawan da ke dawowa daga masallaci sukan tsaya kallo. Da muka girma Allah ya haɗa mu aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke gaba da Kura. Shi yana gyaran lantarki, ni ina kan injin casa. Kullum da sassafe mukan fito kowa da babur ɗinsa, mu hau babban titi, da yamma mu dawo tare.

Wanda bai taɓa bin wannan hanya a kan babur ba ba zai gane yadda take cin taya ba. Ga nisa, ga gudu, ga kwalta mai zafi kamar kasko, ga manyan motoci da iskarsu kaɗai ta isa ta ture mutum. A wata bazara tayoyinmu na baya suka suɗe kusan lokaci guda. Tawa ta fi muni, har zare ya fara leƙowa. Sai muka yanke shawarar mu shiga Sabon Gari ranar Asabar bayan mun tashi aiki.

Akwai wani ɗan ƙabilar Ibo da muka saba saye a wurinsa, mutum ne da ba ya rufe ka, ga Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. A lokacin jabun taya sun cika kasuwa, shi ya sa ba ma zuwa ko'ina sai shagonsa. Da muka faɗa masa abin da ya kawo mu, sai ya shiga ciki ya fito da taya biyu ya jingina a gabanmu.

"Wannan ita ce ta babban titi," in ji shi, yana danna ta da yatsa. "Ku duba kaurinta da zurfin zanenta. Amma ita kaɗai ta rage, kayana sai mako mai zuwa za su iso. Wannan ɗayar kuma ta yawon cikin gari ce, kuma ta daɗe a sito, robarta ta fara bushewa. Ni dai ban ba da ita don tafiya mai nisa ba."

Muka kalli juna. Magariba ta kawo jiki, shaguna sun fara rufewa, washegari Lahadi ba kasuwa, Litinin kuma ga aiki. Na ce wa Kyaftin ya ɗauki mai kyaun, tunda shi ya fi ni gudu. Ya yi dariya ya turo mini ita da ƙafa.

"Ɗan Barno, kai fa mai jego ka baro a gida. Ni wa zai yi kuka in na faɗi, ban da Mama? Ɗauki abarka. Wannan za ta riƙe ni zuwa mako mai zuwa, in kaya sun zo sai in canja."

Na ɗan yi musu, ya rantse, na haƙura. Muka wuce wurin mai faci ya ɗaura mana, muka koma gida muna hira. Har yau ina tuna yadda na ji daɗin karamcin da ya yi mini, har na ba maiɗakina labari tana sa masa albarka. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

Mako bai zagayo ba abin ya faru. Ran nan wuta ta lalace a kamfanin, aka sallame mu da wuri, muka kamo hanya da tsakar rana, zafi kamar zai tsaga kai. Yana gaba ina biye. Mun wuce wata tirela ke nan sai na ji ƙara kamar harbin bindiga. Na ga bayan babur ɗinsa ya yi hagu ya yi dama, yana ta kokawa da kan. Ya kusa shawo kansa, sai tayar gaba ta faɗa wani rami a gefen kwalta. Babur ɗin ya kwanta a kan ƙafarsa ta dama, ya ja shi a ƙasa har cikin tsakuwa.

Ban san yadda na tsaya ba. Na dai ga kaina durƙushe a kansa ina kiran sunansa. Idonsa biyu, yana ta salati, amma da na kalli ƙafar sai na kawar da kai. Wasu manoma da ke kusa suka taimaka muka ɗaga babur ɗin, wani mai a-kori-kura da ya ɗauko albasa ya tsaya, muka kwantar da shi a kan buhuna muka nufo asibiti. Duk tsawon hanyar hannuna yake matsewa, ni kuma ba abin da nake iya cewa sai sannu.

A asibitin ne mahaifiyarsa ta same ni zaune a baranda, jininsa duk a rigata. Mace ce da ta goya ni kamar yadda ta goya shi. Ta zauna kusa da ni ta ce in faɗa mata yadda aka yi, na kwashe komai na faɗa mata, har da zancen taya biyun nan. Sai ta ce a hankali, ba da faɗa ba:

"Ɗana, ku da kuke fita tare ku dawo tare, me ya hana ku hau babur ɗaya kafin kayan su zo?"

Wallahi har zuwa wannan lokacin wannan dabarar ba ta taɓa faɗo wa ɗayanmu ba. Mun tsaya muna ta yi wa juna kara a kan wa zai ɗauki mai kyau, alhali mafita tana gabanmu. Ta ga yadda fuskata ta canja, sai ta dafa ni ta ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, in tashi in je in wanke rigata. Amma tambayar ta riga ta zauna mini.

An yi masa aiki aka sa ƙarfe a ƙafar. Ya yi watanni a kwance, da ya tashi kuma sai da ɗingishi. Aikin lantarki na bukatar hawa tsani, don haka dole ya bar kamfanin. Ƙwallo kuwa ko zancenta ba ya so a yi. Yanzu yana Kantin Kwari a shagon kawunsa yana auna atamfa, ya yi aure, yana da 'ya'ya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa nuna mini cewa saboda ni ya rasa wani abu ba. Ranar da na gwada tayar da maganar, sai ya katse ni.

"Da kai ne ka faɗi da me zan gaya wa jaririyarka? Bar zancen, Ɗan Barno."

Shi ya bar zancen, ni ne na kasa. Duk yammacin da na biyo ta filin unguwa na ga matasa na buga ƙwallo, na hango shi zaune a benci ya miƙe ƙafar nan yana kallonsu, sai tambayar nan ta mahaifiyarsa ta dawo mini.

Abin da na koya shi ne, tayar babur ba abin da ake cewa a lallaɓa zuwa mako mai zuwa ba ne, domin ran mutum gaba ɗaya a kan 'yar robar nan yake. In mai kaya ya ce maka wannan ba ta babban titi ba ce, ka yarda da shi, ka ajiye babur ɗin ko ka nemi wanda zai goya ka. Kuma idan masoyinka ya ce zai ɗauki haɗari domin kai ka tsira, kada ka yi saurin yin godiya. Ka tsaya tukuna ku nemi hanyar da za ku tsira ku biyun.