Wai Na Rame

A gidanmu na Ƙofar Ran ƙiba ado ce. Tun muna 'yan mata, ni da yayata, in muka shiga gidan biki sai ka ji ana cewa, "Ga 'yan gidan hutu nan." Mu kuwa sai mu ƙara gyara zama. Bayan aure jiki ya ƙara buɗewa, kowace haihuwa ta bar mini nata kason, har ta kai in na shiga keke ni kaɗai nake cika kujerar baya, direba yana ta kirana Hajiya, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ba mahaluƙin da ya taɓa ce mini in rage. Abin da nake ji kawai shi ne, "Tubarkalla, maigida yana ƙoƙari."

Yaya ce ta fara faɗuwa. Ciwon suga. Ƙusa ta taka a tsakar gida, ɗan rauni da bai fi ƙwayar wake ba, ya ƙi warkewa, ya ci yatsa, ya ci tafin ƙafa, ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ni na yi jinyarta. A asibitin nan wata nas ta gan ni ina haki don kawai na hawo bene da kwanon abinci, ta ce in zo ta gwada jinina. Da ta ga sakamakon ba ta yi mini kara ba. Ta ce, "Hanyar da 'yar'uwarki ta bi kike kai. In kina son ƙafarki, ki sauke wannan jikin." Wallahi na ji kamar in shaƙe ta. Amma da na koma gida na daɗe a bakin gado ina kallon yatsun ƙafata.

Gidan aurena yana kusa da barikin Shadawanka. Maƙwabciyata matar soja ce, Kirista daga kudancin jiharmu, kuma kullum da sassafe takan fita ta zaga. Na roƙe ta ta riƙa biyo mini. Ina idar da sallar asuba za ta buga ƙofa tana cewa, "Maman yara, ka tashi, rana yana zuwa!" Ban taɓa gyara mata Hausa ba, don numfashin da zan yi gyaran ma ba ni da shi. Gwiwoyina suna ƙara, cinyoyina suna gogar juna har su saɓule. Na bar lemon kwalba, na bar shayi mai suga, na rage tuwo. Har cin masa na bari. Ni, haifaffiyar Bauchi, in wuce mai tanda tana juya masa, ƙamshi yana bina, in kawar da kai! Akwai ranar da na zauna gaban kwanon dafaffen ganye na yi kuka sosai, kamar wadda aka yi wa rasuwa.

A hankali jiki ya fara sauka, sugan ma ya sauka. Na koma tashi daga sujada ba tare da na dafa bango ba. Na ɗauka za a taya ni murna, ashe wauta ce ke ɗawainiya da ni.

Gaisuwa ce ta fara canjawa. Da can "ya gida, ya yara" ake yi mini. Yanzu sai mace ta karkatar da kai, ta rage murya, ta ce, "Sannu, ya jiki?" Gaisuwar da ake yi wa wanda ke kwance a gadon asibiti. In na ce lafiyata ƙalau, ƙiba nake ragewa, sai ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Kai, wannan abu ya ci mini rai. Lokacin da ciwo ke cina a ɓoye, ina tashi fitsari ba iyaka, idona yana yin hazo, ba wanda ya ce mini ya jiki. Sai da na fara warkewa na zama abar tausayi. A wajenmu mutum ba ya rage ƙiba, sai dai ya rame, kuma ba a ramewa don alheri.

Daga nan magana ta yi yawa. Wasu suka ce kasuwar mijina ce ta karye. Wasu suka ce ciwon nan ne da ba a kiran sunansa. A wani gidan suna na sha ruwa, na ga matar gidan ta ware kofin ta ajiye shi gefe. Gwaggona ta yi tattaki har gidana, ta zaunar da mijina ta ce, "Mun ba ka ita da jikinta. Ina ka kai shi?"

Bayan ta tafi ya same ni a kicin. Ya ce, "Don Allah ki ɗan mayar, ko kaɗan ne. Har a masallaci kallona ake yi."

Na ce, "Malam, ranar da aka yanke mini ƙafa, 'yan masallacin ne za su goya ni?"

Ya juya ya fita. Sai dai ya tsiri shigowa da tsire da lemo mai sanyi, ya ajiye inda zan gani.

Na ce bari in je wajen wadda ta san zafin abin. Na sami Yaya a ɗakinta, zaune a kan katifa, sandunanta jingine da bango, ga farantin masa a gabanta. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke kuwa me ya same ki haka?"

Na ce, "Yaya, ke ma? Ai abin da ya same ki nake gudu."

Ta ja zani ta rufe dungulmin ƙafar. Ta ce, "Kar ki sa ni a ciki. Nawa ƙaddara ce. Ke kuwa da hannunki kika mai da kanki haka, kin ja mana magana a gari. Ni har aka fito da ni daga ɗakin tiyata ba wanda ya ce na rame." Da alfahari ta faɗa. Sannan ta turo mini farantin ta ce, "Ci, in har ni yayarki ce."

Na dubi masar, na dubi inda zanin ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Na ce mata na ƙoshi. Ta juya fuska bango, ko sallamata ba ta amsa ba.

Har yau in na kira ba ta ɗauka, in na je sai a ce tana barci. Ƙafafuna biyu suna nan. Yayar ce ba ni da ita.