Kwanon da Na Ɗora Saman Jere

Yau jikata ta tambaye ni me ya sa nake shuka fulawa a farin kwano mai hannu. Na yi dariya har da hawaye, don na tuna tarihin kwanon.

Ina amarya a Samaru, shekarun 1970, na tsinto shi a gwanjon Sabon Gari. Na haɗa kantar jera kwanuka da akwatunan shayi, na ɗora shi saman jere.

Ranar da surukata za ta zo, na sauko da shi. Maƙwabciyata Maman Ladi, mai aiki gidan Turawa, ta riƙe hannuna.

"Amarya, me za ki yi?"

"Fura zan dama wa Inna."

"Rufa mana asiri! Fo ɗin Turawa ne, na fitsari!"

Allah Ya saka wa Maman Ladi. Ku fa, wane abin kunya kuka taɓa jerawa kuna taƙama?