Baba Waiwaya Na Ɗakin Gashi

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isowa asibiti, kafin masu shara su gama. Yakan jingine kekensa a bayan ɗakin gashi, inda ake koya wa masu ciwon gaɓɓai motsa jiki, ya buɗe tagogi, ya ɗora ruwan da zai jiƙa tawul, sannan ya goge dogon madubin da ke bango. A gaban madubin yake ajiye kujerarsa marar hannu, mai miƙaƙƙen baya. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa makulli.

Ba likita ba ne, shi yake riga kowa faɗa. Mataimaki ne: likita ya duba ya rubuta, shi kuma ya zauna da mutum har jikin ya yarda. Ana kawo masa masu gwiwa da masu kafaɗa, amma a wuya ya yi suna. Tela ne, ma'aikacin ofis ne, mai dako ne, duk wanda wuyansa ya sandare har sai ya juyo da ƙirji gaba ɗaya kafin ya amsa kira, wurinsa ake turowa. Yawan cewa "waiwaya mu gani" ya sa aka laƙaba masa Baba Waiwaya. Matarsa ma in za ta tsokane shi haka take kiransa.

Abin da yake koyarwa bai taka kara ya karya ba a ido. Ka zauna daidai, ka saki kafaɗu, ka ja haɓa baya kamar an miƙo maka cokalin magani mai ɗaci. Ka juya kai a hankali, ka tsaya inda zafi ya fara leƙowa, ka ƙirga biyar, ka dawo. Ka kai kunne wajen kafaɗa, ban da ɗaga kafaɗar ta taro kunnen, don wannan ha'inci yake kiransa. Sau goma safe, sau goma yamma. Mutane da yawa sukan fita suna gunaguni, wai sun bi layi tun asuba don a koya musu gyaɗa kai.

Wani direban babbar bas yana cikin masu gunagunin. Ya yi haɗari, aka sa masa abin tallafar wuya, hoto ya nuna ƙashi ya warke, amma wata biyar bai yarda ya cire abin ba. Kamfani ya ba shi wata biyu ya dawo a gwada tuƙinsa, har da komawa da baya a cikin tasha, in ba haka ba a ba wani motar. Ga iyali a gida suna kallonsa. Ya roƙi Baba ya murɗe wuyan sau ɗaya ya yi ƙara, kowa ya huta. Baba ya ce shi bai iya murɗa ba.

Direban ya ɓace sati biyu. Ashe wani abokinsa ne ya kai shi inda ake murɗawar, ya dawo ko sunkuyawa ya sa takalmi ba ya iyawa. Baba bai tuna masa da komai ba. Ya raka shi wurin likita aka sake dubawa, sannan ya ɗora masa tawul mai ɗumi, suka faro daga farko.

Hagu ta fara sakewa, dama ta ƙi. Baba yana kallonsa ta madubi, ya lura duk lokacin da zai juya dama sai ya riƙe numfashi ya runtse ido. Wata rana da ɗakin ya rage mutane, ya jawo kujera kusa da shi ya tambaye shi me yake gani in ya runtse idon. 

"Baba, waiwayen nan ne ya jawo," in ji direban. "Wata mata ta kira ni daga baya za ta sauka, na juya in amsa mata. Dattijon da ke kujerar gaba har yau da sanda yake tafiya. Ko matata ban faɗa wa ba."

Baba bai ce masa ba laifinsa ba ne, don ba ya faɗin abin da bai sani ba.

"Ɗana, ka nemi gidan dattijon nan ka gaishe shi," ya ce. "Amma ka sani, direban da ba ya iya waiwaye shi ne babban haɗari a hanya."

Direban ya je. Dattijon ya karɓe shi, ya yafe masa, har ya yi masa barkwanci cewa su biyun a haɗa su a samu mutum ɗaya lafiyayye. Ba a ranar wuyan ya saki ba. Baba yakan tsaya a damarsa ya ɗaga yatsu ya ce ya faɗi guda nawa ne, kullum yana ƙara matsawa baya kaɗan. Ranar gwaji direban ya koma da bas baya har inda aka nuna masa, bai goga ko'ina ba. Juyawar dama ba ta cika kamar da ba, don haka aka ɗauke shi daga doguwar hanya aka ba shi motar cikin gari. Da fari abin ya yi masa ciwo. Yanzu yakan ce 'ya'yansa sun fara sanin fuskarsa.

Baba, mu da muka daɗe muna ganin aikinka muna cewa: kai ne ka san iyakar hannunka. Wata malamar makaranta ta shaida cewa ranar da ta ce maka yatsunta suna mutuwa, ka ƙi taɓa ta, ka tsaya a ƙofar likita har aka gan ta, aka gano jijiya ce ƙashi ya danne. Kai ne kake maimaita magana ɗaya sau ɗari a wuni, muryarka ba ta canja. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, ba ka kuma taɓa tambayar dalili ba.

Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma da ke aiki inda mutane ke zuwa da ciwo da tsoro a haɗe, ku ɗauki wannan daga gare shi: motsin wuyan a wuni ɗaya ake koyonsa, zama da mai wuyan shi ne aikin. Ranar Litinin mutum tara aka rubuta za su zo ɗakin gashi, kuma kowannensu zai buƙaci wanda ba ya sauri.