Layi Na Huɗu a Daftarin Umda

Ina da shekara tara ko goma aka zo rubuta mutanen unguwarmu. A Hindawiyya muke, can ƙasar Larabawa, lokacin bukkoki ne na kara da gwangwani, ko'ina ka juya Hausa ake yi. Umda, wato mai unguwa, ya turo magatakarda da wani ƙaton daftari yana bi ƙofa-ƙofa. Baba na Jidda wajen dako, saboda haka Inna ce ta amsa daga bayan labule. Ni aka tsayar ina tafinta, don Larabcinta bai wuce na cefane ba.

Ni ce 'yar fari, kuma Inna Bakanuwa ce mai alkunya. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "ke" ko "waccan". Abin yana cina a rai, ba zan ɓoye ba.

"Kam walad, ya hajja?" in ji magatakarda. Na ce mata yana tambayar yawan 'ya'yanta.

"Ce masa huɗu."

Ta jero sunayen ƙannena uku tiryan-tiryan, sai ta tsaya a nan. Mutumin ya ɗaga alƙalami yana jira. Da na buɗe baki da an gama magana, amma na ƙi. Na ce a raina yau dai hukuma ce ke tambaya, dole ta faɗa, ni kuma in ji ko sau ɗaya ne.

"Ce masa ta huɗun ga ta nan gabansa," in ji Inna.

Sau uku yana tambaya. Shi bai san al'adarmu ba, ga rana ta take, gumi na ɗiga a gemunsa. Ya rubuta abin da ya rubuta, ya yi gaba. Na kwana biyu ina kumbure-kumbure, ita ko a jikinta.

Bayan na tsufa, Inna ta daɗe da rasuwa, sai aka ce jikan umda yana buɗe daftarin ga masu neman asalinsu. Jikata ta raka ni, don idona ya yi rauni. Ina so in san ko ina cikin 'ya'yan Inna a rubuce. Yarinyar ta bi da yatsa ta karanto sunaye uku. A layi na huɗu an rubuta: 'ya mace, babbarsu, uwar ta ƙi faɗin suna.

Na yi dariya har da hawaye. Ni ma ɗana na fari ya yi furfura, ban taɓa kiran sunansa ba, kuma na san inda yake a zuciyata.

Jikan umda ya ɗauko alƙalami, ya ce, "Ya hajja, faɗi sunan in ƙara a gefe."

Na ce masa ya bar shi yadda ta bar shi.