Soson Ƙarfe a Bututun Hayaƙi

Shekarar da aka yi ta rigimar demokaraɗiyya, aka rufe mana lakwal a Sokode. Ni kam murna har kunne. Ba darasi, ba jarrabawa, sai bin titi muna ihu, rabinmu ma ba mu san abin da ake nema ba. Da Baba ya ga yawon ya yi yawa, ya ce gobe in bi shi garaji.

Baba shofer ne a wani kamfanin kamiyo, manyan motocin kaya, mai ɗaukar auduga da gyaɗa tsakanin Sokode da Dapaong. Mota ɗaya yake ja tun ina rarrafe. Lokacin kamfanin ya samu wasu Turawa abokan hulɗa, suka ce sai an rage hayaƙi, wai yana ɗumama duniya. Shef ɗin garaji ya tara shofer-shofer ya kafa doka: in ka tsaya ka kashe mota, kar ka dawo daga arewa wayam, ka wanke matatar iska duk mako. Kuma kowace Litinin za a kara farin ƙyalle a bakin bututun hayaƙi a taka wuta. Wanda ƙyallensa ya kasa fitowa fari sau uku, ya ajiye makulli ya koma gadin ƙofa.

Ni shef ya ba riƙon ƙyallen, wai ɗan lakwal ba ya ƙarya. Ranar har tafiyata ta sauya.

Baba ya ɗauki abin da gaske. Ko ruwa ya tsaya saya sai ya kashe mota. Ranar Lahadi ya kwance matatar ya wanke, ya yini ƙarƙashin mota. Litinin ta farko ƙyallensa ya fito toka-toka. Ta biyu ma haka. Na sauran kuwa fari tas, har da na wata akwala da na san in ta wuce Kpangalam kaji ma tari suke.

A makon nan aka aike ni Dapaong wajen gwaggona, na shiga motar mai akwalar. Muna barin gari ya faka, ya sauka da ƙugiyar waya, ya zura a bututu ya jawo wani dunƙule baƙi ƙirin. Soson ƙarfe ne, irin na wanke tukunya, a jiƙe.

Na ce, "Kawu, mene ne wannan?"

Ya ce, "Dokar Turawa ce, ɗan boko. Riƙe mini."

Ya tayar da mota, hayaƙi ya turnuƙe har wata mai tallan doya ta bi mu da zagi. Kafin mu kai Tandjouaré rigata ta tashi daga fara. A Dapaong ya shiga cin tuwo ya bar mota tana ta gurnani a bakin kasuwa, hayaƙin na sauka kan naman wani mai tsire. Na ce ba zai kashe ba? Ya ce, "In sojoji suka ɓullo, kai za ka tura ta?" Tuwon ma kasa ci na yi.

Ina dawowa na nufi shef da zafina, na zayyana masa komai. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Turawa farin ƙyalle suka ce in aika musu. Sun ce in bi mota har Dapaong?"

Na juya na fice daga ofishinsa.

Safiyar Litinin ta uku na zari soson Inna daga madafa, na jiƙa, na sa a aljihu. A hanya na nuna wa Baba.

"Baba, minti ɗaya ne. Kowa haka yake yi."

Ya dube ni, ya dubi soson. "Mayar wa uwarka, tana da tukunya."

"Za su karɓe motar fa!"

"Na ji. Ka riƙe ƙyallen da kyau, ban da ja da baya."

Na riƙe da kyau. Ya taka wuta, ƙyalle ya fito toka-toka, ya ma fi na makon jiya haske, amma shef ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Mai akwala har da cewa, "Sannu, Alhaji, tsufa ne." Baba ya kashe mota, ya ɗauki buta da dardumarsa daga bayan kujera, ya miƙa makulli.

Ƙanin matar shef aka ba motar. Litinin ta gaba ni na sake kara mata ƙyallen, ya fito fari fes, ruwan soso na ɗiga a kan takalmina. Na jefar da shi nan ƙasa na ce su nemi wani ɗan lakwal ɗin. Baba ne ya buɗe mini ƙofa na fita, sannan ya ja ta sosai don motarsa ta wuce.