Dakon Ƙarshe na Aniello

Garin su Aniello manne yake a jikin dutse, gida bisa gida, teku na can ƙasa. Mota iyakarta bakin gari, daga nan sai matakala. Shi ya sa tun yana saurayi da gadon bayansa yake cin abinci. Baƙi su sauko daga jirgin ruwa da akwatuna kamar masu ƙaura, su tsaya ɗaukar hoton tsohuwar coci da lambunan lemun tsami, shi kuwa ya saɓa kayansu ya yi sama. Tekun da suke zuwa kallo daga uwa duniya bai dame shi ba. Ɗan dako ƙafarsa yake kallo.

Da girma ya zo, likita ya ce ya ajiye dako, in ba so yake ya ƙarasa rayuwarsa a kwance ba. Ya ajiye. Sai kuma ciwon gwiwa ya kama matarsa Rosaria, ya hana ta sauka.

In rana ta yi sanyi, kowa a garin yakan ci ado ya gangara dandali, a yi ta kai da kawo hannu cikin hannu, ana gaisawa, ana auna takalmin juna da ido. Wanda aka daina gani a wurin, an fara mantawa da shi ke nan. Ranar da Aniello ya ji mai gidan burodi yana zancen Rosaria kamar wadda ta riga mu gidan gaskiya, ransa ya ɓaci. Ya koma gida ya ce mata, "Tashi in goya ki."

Ta ce, "Ni? Sai ka ce buhun dankali? Gara in ruɓe a ɗakin nan da a gan ni a goye."

"Akwatunan Jamusawa ma na ɗauka, balle ke, daga ƙashi sai surutu."

Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin kada kowa ya gani. Kullum da yamma ya goya ta ta lungun bayan coci, ya sauke ta a kwanar shiga dandali. Ta sa takalminta mai tsini, ta riƙe hannunsa, su zaga dandali sau ɗaya, tana ɗaga kai kamar da ƙafarta ta zo. Shi kuwa ya san kowace sauka tana cin abin da ya rage na bayansa, amma bai taɓa faɗa mata ba.

Wata yamma suna tsakiyar lungu bayansa ya riƙe. Ya durƙusa a hankali, ya zaunar da ita a kan matakala, gumi na zuba. A nan Rosaria ta dubi lungun da kyau. Ga zafi, amma kowace taga a rufe. A wata ƙofa ga kujera da kwanon wake, an bar ɓara rabi.

Ta ce, "Tsoho, tun yaushe suke rufe tagogi?"

"Tun ranar farko."

Idonta ya cika. Kunya ta kama ta, daɗi ma ya kama ta. Can ta gyara murya ta ɗaga.

"Barkanku da yamma, munafukai!"

Dariya ta ɓarke a bayan tagogi. Carmine masunci ya leƙo ya ce, "Inna Rosaria, mu fa ba mu ga komai ba."

"To fito da kujera, kai da ƙaninka. Tsohon nan ya gama dako."

A kan kujera ta shiga dandali ran nan, Carmine da ƙaninsa na ɗauke da ita, tana rarraba gaisuwa hagu da dama. Aniello na biye da sanda, bayansa ba kaya. Da suka kai bakin katangar dandali ya tsaya cikin baƙi, ya daɗe yana kallon teku.