Lilon da Muka Ɗauko Haya

Shekarar da aka naɗa ni sakataren kwamitin bikin yaye ɗalibai, ba don na fi kowa iya shirya taro aka zaɓe ni ba. Ni kaɗai ne malamin da ke da babur mai lafiya a makarantarmu, kuma duk wanda ya san hanyar ƙauyenmu zuwa Toranke da damina ya san wannan ma cancanta ce.

A zaman farko hedimasta ya ce bana yana so a yi abin da ba a taɓa yi ba. Wani ya ce a ƙara tukunyar shinkafa. Ni kuwa da na taɓa zuwa wani biki a Gaya na ga yara suna shawagi a lilo, sai bakina ya riga hankalina, na ce a ɗauko lilo haya. Aka ce madalla, tunda kai ka kawo shawara kai za ka ɗauko. Da na koma gida na gaya wa 'yata, wadda take cikin waɗanda za a yaye, na ce kada ta faɗa wa kowa tukuna. Kafin azahar ɗin washegari har yaran da ba a sa su makaranta ba suna tare ni a hanya suna tambayar yaushe lilo zai zo.

Sau uku ina zuwa Gaya kafin na sami mai kayan. Mutumin Kano ne, gajere, mai son kayansa fiye da yadda wasu ke son 'ya'yansu. Ya nuna mini hotuna a waya. Akwai gidan tsalle na roba da ake hura wa iska, akwai ƙaramin lilo mai zagaye a ƙasa, sannan akwai babban, mai kama da ƙafar keke, da kwanduna shida, wanda ke ɗaga mutum sama ya sauko da shi. Ya tambaye ni ko filinmu a shimfiɗe yake, na ce kamar tabarma. Ya tambayi hanya, na ce tana nan. Bai tambayi abin da ke kewaye da filin ba, ni ma ban tuna ba.

Ana gobe biki, da hantsi, motar a-kori-kura ta iso da kayan, bayan ta kafe sau biyu samari sun tura. Da damina a wajenmu babu tafin hannun ƙasa da ba a shuka ba. Gero ya kewaye makarantar ta gefe uku, har gindin tagogin aji. Wurin da ya rage shi ne filin ƙwallo, shi kuma ya ƙare ne a jikin katangar gidan wani dattijo, gida na ƙarshe a garin. A nan aka kafa babban lilon, don nan ne kaɗai ƙasa ta yi tauri.

Wannan dattijo shi ya ba da filin da aka gina makarantar tun ina yaro. Aminin mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa, Baba nake ce masa, kuma har yau in na gan shi sai na sauka daga babur. Kullum yana zaune a ƙofar zaurensa da farar riga da carbi, yana ba da labarin 'ya'yansa biyu da ke Kudu, yadda suke shirin zuwa su rushe gidan su yi masa na siminti. Tun farkon daminar nan ya hana yara shiga gidansa, matan da suka je wajen Inna, matarsa, a soro take tarbar su. Mutane suka ce tsufa ne, ya fara faɗa.

Muna cikin ɗaure ƙarafa sai ga shi da sandarsa. Ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi lilon tun daga ƙasa har sama, sannan ya dubi katangarsa. Ya yafito ni.

"Wannan abin hawa ake yi?"

"Hawa ake yi, Baba."

"Har can ƙololuwa?"

"Har can."

"To ba za a hau ba. Akwai iyali a gida."

Sai a lokacin na ga abin da ya gani. Lilon ya ninka katangar sau biyu. A garinmu ko magini zai hau rufin ɗaki sai ya tsaya ya ɗaga murya sau uku, ya ce gafara dai masu gida, za a hau sama, ya ba mata lokaci su kimtsa. Mai gyaran kwano haka, mai yankan reshe haka. Mu kuwa mun kawo injin da zai riƙa hawa da mutum shida-shida daga safe har yamma.

Na ce, "Baba, ai yara ne kawai za su hau."

Ya ce, "Yara ba su da ido?"

Ya juya ya tafi, bai jira amsa ba.

Kwamiti ya zauna nan take a ƙarƙashin darbejiya. Aka kawo shawarwari masu nauyi. Malamin lissafi ya ce a sa mutum da lasifika, duk lokacin da kwando zai tashi ya yi sanarwar za a hau sama. Mai lilo ya ce lilon nasa yana juyawa sau huɗu a minti, sai dai a nemo mai sanarwa biyu suna karɓa-karɓa. Wani ya ce a ɗaure wa yaran ido da ƙyalle. Wani ya ce a ƙara wa katangar tsawo da zana, aka auna aka ga sai an tsefe dangar rabin garin. A ƙarshe hedimasta ya ce filin dai na makaranta ne, kyauta kuma ba a karɓe ta, a yi sanarwa sau ɗaya da safe, a ci gaba da biki. Kowa ya ce haka ne. Ni na fi kowa ɗaga murya, don raina ya ɓaci. Wata guda ina cin laka a hanyar Gaya, yara sun kewaye filin sun zuba ido, sannan tsoho ɗaya ya zo da sanda ya ce a'a.

Bayan la'asar mai lilo ya tayar da janareta ya ce a gwada. Ya ce ƙa'idarsa wanda ya ɗauko kaya shi ke fara hawa. Na shiga kwando ya sa sakata. Ban yi sanarwa ba. Ba mantawa na yi ba, haushi ne.

Da farko abin daɗi. Na ga rufin makaranta, na ga gero ya miƙe kore shar har inda ido ya tsaya, na hango shanu can wajen fadama. Da kwandon ya kai ƙololuwa mai lilo ya tsayar da injin don ya duba wani abu, na rataye a sama, gidan Baba yana ƙarƙashina kamar faifai.

Ɗakuna uku ne a gidan. Biyu sun zube, azara ta fito tsirara daga tarin ƙasa. Na ukun an lulluɓe rufinsa da leda an danne da duwatsu. Rumbu ya kife, ba komai a ciki. Inna tana tsugune a ƙarƙashin wata zana da aka tokare da itace, tana hura wuta. Farar rigar nan tana shanye a igiya. Baba kuwa yana tsakar gida, ba riga, wando a naɗe, ƙafafunsa cikin laka har ƙauri, yana kwaɓa ƙasar gini shi kaɗai. A gefensa ya jera tubali bai fi goma ba. Ban taɓa sanin ya rame haka ba.

Ya ɗago kai. Ni ma ban sami inda zan kai idona ba. Kunyar da na ji a kwandon nan ban taɓa jin irinta ba, kuma babu hanyar sauka sai injin ya ga dama.

Da na sauko yara suka yi caa suna tambaya. Mai lilo ya ce, "Malam, ya ka ji shi? Kamar jirgi ko?"

Na ce, "Ƙasar ba ta da ƙwari. Na ji yana karkata. Ba za a sa yara a ciki ba."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Ya durƙusa ya duba ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya kawo ma'auni ya ɗora, ya kira hedimasta ya nuna masa. Ya ce shekararsa goma sha yana wannan sana'a, ko akuya bai taɓa kayarwa ba. Gaskiya ya faɗa. Na ce ni na hau, ni na ji, kuma in aka kunna shi gobe zan tsaya gaban iyaye in faɗi abin da na ji. Hedimasta ba ya son kalmar iyaye. Aka ɗaure lilon da sarƙa.

Hedimasta ya ja ni gefe ya ce in tsoho ne ya ba ni tsoro in faɗa masa. Na ce ƙasa ce. Ya ce ɗazu ni na fi kowa baki. Na ce ɗazu ban hau ba.

An yi biki. Gidan tsalle ya yi aiki har ya gaji, ƙaramin lilo ya yi ta zagaye da yara uku a kujerar mutum ɗaya. Amma kowane yaro in ya sauko sai ya je ya tsaya gaban babban ya ɗaga kai. Kafin a raba shinkafa an raɗa mini suna Malam Jiri, sunan da har yanzu wasu da suka yi aure suke kirana da shi a bayan idona. 'Yata ta karɓi takardarta, ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba. Kwana huɗu tana kawo mini abinci ta ajiye ba magana. Wannan ya fi sunan ciwo.

Baba ya zo da farar rigarsa, an goge ta tsaf, aka ba shi kujerar gaba kusa da mai unguwa. Ya yi addu'ar buɗe taro, ya sa wa yara albarka. Da aka tashi na je na durƙusa na gaishe shi, don ba yadda zan yi. Ya bari mutane suka ragu.

"An ce jiya ka hau."

"Na hau, Baba."

"Me ka gani a can?"

"Ban ga komai ba. Tsoro ya sa na rufe ido tun daga ƙasa."

Ya daɗe yana kallona, yana jan carbi. Na ga gefen farcen ƙafarsa da sauran jar ƙasa da wanki bai fitar ba.

Ya ce, "Haka ubanka yake. Ko jaki bai iya hawa ba."

Ya miƙo mini hannu in tashe shi, abin da bai taɓa yi ba, na riƙe shi har ƙofar zaure. A nan ya saki hannuna, ya ce in koma, baƙi suna jira.